Ba Faɗin Fili Ke Jawo Jama'a Wurin Shaƙatawa Ba

A manyan birane da yawa za ka tarar da wuraren shaƙatawa biyu da tazararsu ba ta wuce tafiyar minti goma ba, ɗaya da yamma ba masaka tsinke, ɗayan kuwa sai mai gadi da tsuntsaye. Sau da yawa wanda aka ƙaurace wa shi ne ya fi faɗi, shi ne kuma ya fi cin kuɗi. Idan aka tambayi masu kula da shi dalili, amsar da ke bakinsu ita ce mutanen yankin ba su saba da fita shan iska ba. Wannan amsa ba ta gamsar da ni. Mutanen da ake cewa ba su son fita su ne dai suka cika ɗaya wurin maƙil. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin nan a jikin filin yake.

Ra'ayina shi ne mutum ba ya zama ya tara kyawawan abubuwan wuri ya ba shi maki irin na malami mai duba jarrabawa, har furanni masu kyau su cike giɓin rashin banɗaki. Tankaɗe yake yi. Zan iya isa? Zan ji tsoro? Rana za ta ƙona ni? Akwai inda zan zauna? Idan fitsari ya matsi yaro, ina za mu nufa? Duk wurin da ya faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ya fita daga lissafi, ko da ya ci sauran. Sai bayan an gama tankaɗen ne kyau da girma da kayan ƙawa suke samun bakin magana. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a wannan harka waken yawanci abu ne ƙarami mai araha da aka manta da shi.

Akwai ƙari a kan haka. Mutane ba kasafai suke fita su kaɗai ba, kuma idan suka fita a tare, wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke hukunci ko bai ce uffan ba. Iyali mai ɗan shekara uku da tsohuwa mai ciwon gwiwa ba zai je inda saurayin gidan ya fi so ba, zai je inda tsohuwar za ta samu benci mai majingina. Rasa tsohuwa ɗaya rasa mutum shida ne.

Tankaɗen farko a bakin ƙofar gida ake yin sa. Baligi mai lafiya yana cin kimanin mita 80 a minti ɗaya, wato mita 400 a minti biyar. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya ba da shawarar cewa kowane mazaunin birni ya samu fili mai tsirrai da ya kai rabin hekta zuwa hekta ɗaya a cikin mita 300 daga gidansa. Shawara ce mai kyau, amma masu tsara birni suna yawan yi mata gurguwar fahimta. Sai a ɗora tsinin abin zana da'ira a tsakiyar filin a kan taswira, a kewaye mita 300, a ce duk gidan da ya faɗo ciki ya wadata. Ƙafa ba ta bin da'ira, titi take bi, ta ƙofa kuma take shiga. Ɗauki fili mai tsawon mita 300 da faɗin mita 200 wanda aka kewaye da katanga aka bar masa ƙofa ɗaya. Kewayensa kilomita ɗaya ne cif. Gidan da ke bayan katangar, wanda daga tagarsa ana ganin rassan bishiyoyin ciki, sai mai shi ya yi tafiyar rabin kilomita kafin ya shiga. A taswira maƙwabci ne, a ƙasa baƙo ne.

Titi mai layi huɗu ko shida da ba shi da wurin tsallakawa ya fi katangar muni. Babu uwar da za ta bar ɗan shekara takwas ya ƙetare shi shi kaɗai, don haka duk yaran ɗaya ɓangaren sun fita daga lissafi sai ranar da babba ya samu sarari. Gadar sama ba ta cika magance wannan ba, domin mai tura keken jariri da mai sanda ba za su hau matakala arba'in ba. Abin da ke aiki shi ne tsallake a ƙasa daidai ƙofar, da tudun rage gudu ko fitilar ba da hannu, da tsibiri a tsakiyar titi inda mutum zai tsaya ya numfasa. Ƙofofin kuma a buɗe su inda titunan unguwa suka zo suka ƙare, a kowane ɓangare, ta yadda mai wucewa zai iya shiga ta nan ya ɓulla ta can. Filin da ake ratsawa a kan hanyar zuwa aiki ko makaranta ba ya rasa ƙafa, kuma ƙafa ita ke kiran ƙafa.

Tankaɗe na biyu shi ne tsoro, kuma ido ke yin sa tun daga waje. Misalin da masu tsara birni suka fi kawowa shi ne Bryant Park da ke bayan babban ɗakin karatu na birnin Niyok a Amurka. Fili ne da bai kai hekta huɗu ba, a tsakiyar hada-hada, amma an ɗaga shi sama da titi, an kewaye shi da shingen ƙarfe da dogayen shuke-shuke, ƙofofinsa kuma ƙanana. Nufin masu zanen shi ne a raba mai hutawa da hayaniyar gari. Abin da ya faru shi ne a shekarun 1970 masu sayar da ƙwaya suka mamaye shi, tunda na titi ba ya ganin abin da ke ciki. Da aka sake buɗe shi a 1992 bayan gyara, girmansa bai ƙaru ba. An ƙara ƙofofi an faɗaɗa na da, an sauke shuke-shuken da ke tare ido, an gyara banɗakuna, an zuba kujeru marasa nauyi da mutum zai ɗauka ya kai inda yake so, aka kuma kawo ƙananan rumfunan sayar da abinci. Ya koma ɗaya daga cikin wuraren da suka fi cika a birnin.

Ƙa'idar da ake bi ba ta da wuya: shuke-shuken gefen hanya kada su wuce kimanin mita ɗaya, rassan bishiya na ƙasa kuma a sare su zuwa sama da mita biyu. Tsakanin nan ido ke wucewa. Jan Gehl, masanin tsara birane ɗan ƙasar Denmak, ya nuna cewa daga kimanin mita 100 ana iya gane motsin mutum, amma sai an matso wajen mita 25 ake karanta yanayin fuska. Mai tafiya yana son ya hango wanda ke tahowa tun yana da damar canza hanya, yana kuma son hanyar da zai canza zuwa gare ta. Lungun da ba ya ɓullewa, ko siririyar hanya mai shinge hagu da dama, ko da ba a taɓa yi wa kowa komai a cikinta ba, mata za su guje ta. Ba sa buƙatar alƙaluman 'yan sanda. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Kada a ɗauka ina cewa a aske fili tas kamar fagen fareti. Wannan ma korar mutane yake yi. Mutum yana son ya zauna bayansa a kāre, gabansa a buɗe, shi ya sa gefe-gefe ke fara cika kafin tsakiya. Wanda ya zo don kaɗaici ma ba ya son ɓacewa gaba ɗaya: so yake a bar shi shi kaɗai amma idan ya ɗaga murya a ji.

Sai inuwa, wadda a wurare masu zafi ta isa ta yanke hukunci ita kaɗai. Abin da ake yawan kuskurewa shi ne ma'aunin zafin iska ba ya faɗin gaskiyar abin da jiki ke ji. A ƙarƙashin bishiya da cikin rana, iskar kanta bambancinta kan zama digiri ɗaya ko biyu kawai. Abin da ke gasa mutum shi ne hasken rana da ke dukan fata kai tsaye, da hucin da daɓe ke mayarwa. Kwalta da baƙin roba da ƙarfe da ciyawar roba suna iya haura digiri 60 da tsakar rana, kuma a wannan zafi fatar yaro tana ƙuna cikin daƙiƙu. Wurin wasan yara da aka kashe masa kuɗi aka bar shi a sarari, aikin awa biyu ne a yini.

Inda aka dasa bishiyar ma abin lura ne. An saba kafa benci a gindin bishiya, wanda ke ba da inuwa lokacin da rana ke tsaka, lokacin da mafi yawan mutane suke wurin aiki. Da la'asar, sa'ad da jama'a ke fitowa, rana ta karkata yamma, inuwar ta tsere gabas. Idan rana ta sauko zuwa rabin tsakanin tsaka da faɗuwa, tsawon inuwa daidai yake da tsawon bishiyar, wato bishiya mai mita takwas ta jefa inuwar kanta mita takwas nesa da gindinta. Bencin na zaune cikin rana, inuwar na kwance a kan ciyawa. Magani shi ne bishiyar ta kasance yamma da wurin zama, kuma kafin a zuba siminti a zo da ƙarfe huɗu na yamma a duba inda inuwa take. A ƙasashe masu sanyi lissafin juyawa yake: ana neman rana da mafaka daga iska, shi ya sa ake son bishiyoyin da ke zubar da ganye a lokacin hunturu.

Bishiya kuma ba ta bin wa'adin mai mulki. Dashe yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya yi inuwar kirki, don haka tsohuwar bishiyar da aka tarar a fili ta fi duk abin da za a gina a kai daraja. Amma ita ce aka fi kashewa ba da niyya ba. Yawancin saiwoyinta suna cikin mita ɗaya na saman ƙasa, sun kuma bazu har sun wuce iyakar rassa. Motar gini ta yi ta bi ta kai tana danne ƙasa, a haƙa ramin bututu a datse saiwa, a ƙara tulin ƙasa a gindi. Bishiyar ba ta faɗuwa ranar. Sai bayan shekara uku ko biyar ta fara bushewa daga sama, lokacin ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Shingen wucin gadi da za a kewaye ta da shi daidai iyakar rassa kafin a fara aiki ya isa ya cece ta. Sabon dashe kuwa, ramin mita ɗaya a tsakiyar daɓe kurkuku ne, bishiyar za ta tsaya tsamurarra. Tana buƙatar doguwar ƙasa a buɗe da za ta raba da 'yan'uwanta, da ban ruwa a shekaru biyu ko uku na farko, da kuma a cire igiyar da aka ɗaure ta da ita kafin ta shaƙe ta. Kada kuma a dasa iri ɗaya tak, domin cuta ɗaya tana iya share su duka, kamar yadda ta faru da bishiyoyin elm a Turai da Amurka a ƙarni na 20. Kafin bishiyoyi su girma, rumfa ba abin kunya ba ce.

William Whyte, Ba'amurke mai nazarin rayuwar birane, ya shafe shekaru a farkon shekarun 1970 yana ɗaukar hotunan dandalolin Niyok don gano dalilin cikar wasu da zaman wasu kufai. Ya gwada siffa, ya gwada faɗi, bai samu alaƙa mai ƙarfi ba. Abin da ya fi bayyana bambancin shi ne yawan wurin zama. Daga aikinsa dokar gine-ginen birnin ta 1975 ta tanadi ƙafa ɗaya ta wurin zama ga kowane murabba'in ƙafa 30 na dandali, wato kusan mita ɗaya ga kowane murabba'in mita tara. Abin dariya ne a ce sai da aka yi bincike kafin a gano cewa mutane suna zama inda akwai wurin zama, amma je ka ƙirga bencin filin da ke kusa da kai.

Yawa kaɗai bai isa ba. Tsayin benci daga ƙasa ya kasance wajen santimita 45. Wanda ya yi ƙasa da haka, tsoho ya zauna tashi ya zama aiki. Majingina da abin dafa hannu su ne ke bambanta wurin da za a yi awa ɗaya da wurin da za a yi minti biyar. A kan hanyar da tsofaffi ke bi, benci kowane mita 50 zuwa 100, domin mai ciwon ƙafa ba ya tashi daga wannan sai ya hango na gaba. A bar fili mai daɓe a gefen benci inda keken guragu zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da abokin hira. Bencin da aka jera a layi ɗaya ba ya ba mutum huɗu damar hira, biyu da aka haɗa a kusurwa sun fi. Kujerar da ake ɗauka kuwa ta fi duka, kamar waɗanda aka san lambun Luxembourg na birnin Faris da su, domin mutum yana bin inuwa da ita, yana matsawa kusa da wanda yake so, yana nisantar wanda ba ya so. Hujjar da ake kawowa ita ce za a sace. Za a saci wasu. Kuɗin maye gurbinsu bai kai asarar filin da babu kowa ba, kuma sata ta fi sauƙi inda babu idanu. Benci mai karkata ko mai ƙarafa da aka ƙera don hana marasa galihu kwanciya, tare yake korarsu da mai juna biyu da mai jinya.

Banɗaki shi ne abin da ba a son ambata a bikin buɗewa, shi ne kuma ke ƙayyade tsawon zaman kowa. Inda babu shi, fili ya zama na maƙwabta na kusa da na samari. Masu ƙananan yara da tsofaffi da masu ciwon sukari da mata gaba ɗaya suna lissafa shi tun daga gida. Kurakuran gininsa sanannu ne. Ana tura shi can ƙarshen fili bayan shuke-shuke don kada ya ɓata kallo, sai ya zama wurin da aka fi jin tsoro. Kamata ya yi ƙofarsa ta fuskanci hanyar da ake yawan bi, kusa da wurin wasan yara, ba tare da doguwar siririyar mashiga ba. Ana raba faɗin ginin daidai tsakanin maza da mata, alhali ɓangaren maza yana ɗaukar mutane da yawa a faɗi ɗaya kuma mata sun fi daɗewa, yawanci su ne ke shiga da yara, sai layi ya taru a gefe guda. Mafi muni shi ne wanda aka gina babu tabbacin ruwa da mai shara. Wata uku ya ƙazantu, a sa masa kwaɗo. Banɗaki mai kwaɗo ya fi rashinsa ɓata rai, domin ya yi alkawari. Famfon ruwan sha ma haka, a yi shi da tsayi biyu, da magudana a ƙasa don kada ya zama taɓo.

Hanyar cikin fili, idan ana son tsoho da mai keken guragu, gangarenta kada ya wuce ɗaya cikin ashirin, wato hawan santimita biyar a kowane mita. Inda dole a yi gangara maimakon matakala, ɗaya cikin sha biyu ne iyaka, da wurin hutawa da abin riƙewa. Faɗin mita 1.8 yana barin kekuna biyu su gitta, inda kuma masu keken hawa za su shiga, sai an kai mita uku. A karkata daɓen kaɗan zuwa gefe, kamar santimita biyu a mita, don ruwa ya sauka. Kududdufi ɗaya da ya tare faɗin hanya ya isa ya yanke ta gida biyu har ya bushe. Tsakuwa sakakkiya tana da kyau a hoto amma tana cije ƙananan tayoyi. Abin da ya fi ba da mamaki a nan shi ne ƙarfin hanya mai zagayowa. Wani bincike da Deborah Cohen ta jagoranta a wuraren shaƙatawa 174 na unguwanni a birane 25 na Amurka ya gano cewa masu irin wannan hanya sun fi sauran yawan jama'a da kusan kashi 80 cikin ɗari, kuma tsofaffi sun fi zuwa sosai. Dalilin a fili yake: mutum ba ya son ya kai bango ya juyo, zagaye kuma yana ba shi hujjar zuwa shi kaɗai ba tare da an ce me yake nema ba.

Ƙarar motoci ba ta da saurin mutuwa. Daga titi mai cunkoso, duk ninka tazara desibel uku kawai take ragewa a ma'aunin ƙarfin sauti, kunne kuma sai an rage wajen goma yake jin kamar an raba ƙarar biyu. Layi ɗaya na bishiyoyi yana ɓoye motar daga ido amma kusan ba ya taɓa ƙarar. Tudun ƙasa ko katanga marar ɓuli su ke tarewa, sai dai su ma suna tare gani, don haka a yi su a ɓangare ɗaya kawai. Wata dabarar ita ce rufe ƙara da ƙara mai daɗi. Paley Park na Niyok, wanda aka buɗe a 1967, murabba'in mita 390 ne kacal, amma ruwan da ke kwarara a bangonsa mai tsayin mita shida yana shanye hayaniyar titi.

Akwai kuma tambayar wa ya mallaki tsakiyar fili. A shekarun 1990 hukumomin birnin Biyana na Ostiriya sun lura cewa daga wajen shekara tara 'yan mata suna raguwa sosai a wuraren shaƙatawa, samari kuwa suna nan. Babban fili guda, musamman kejin ƙwallo mai ƙofa ɗaya, na wanda ya fi ƙarfi ne. Da aka sake fasalin wasu filayen, aka ƙara mashigai, aka raba sararin zuwa ƙananan sassa, aka kawo wasu wasannin ban da ƙwallon ƙafa, 'yan matan suka dawo. Babu wanda ya hana su shiga a da. Fasalin wurin ne ya gaya musu ba nasu ba ne. Filin ƙwallo yana da muhimmanci, amma a shimfiɗa tsawonsa kudu da arewa don kada ranar yamma ta shiga idon mai tsaron gida, a ɗaga raga a bayan ragar cin, a kuma nisanta shi daga wurin ƙananan yara. Ƙwallo ɗaya a fuskar jariri ta isa ta sallami uwa har abada.

Wurin wasan yara, a taƙaice: duk abin hawa da ya wuce santimita 60 yana buƙatar ƙasa mai laushi, kamar yashi mai zurfin santimita 30, wanda ƙafafu ke kwashewa daga ƙarƙashin lilo, dole a riƙa mayar da shi. Ramuka tsakanin santimita 9 da 23 suna barin jikin yaro ya wuce kansa ya maƙale. Iyaye kuma suna buƙatar zama a inuwa inda suke ganin yaro da ƙofar fita a lokaci ɗaya, domin su ne ke cewa a tashi.

Fitila ma ba ƙarfinta ake nema ba, daidaitonta. Babbar fitila ɗaya a kan dogon turke tana kashe ido ta bar baƙin duhu a gefe, rassa kuma su tare rabin haskenta. Turaku masu mita huɗu zuwa biyar, kusa da juna, ƙarƙashin rassa, masu haska fuska, su ke aiki. Hanyar da ba za a iya tsaronta da dare ba gara a bar ta da duhu, kada haske ya ja mutum inda babu kowa.

Duk waɗannan suna rayuwa ne ko su mutu a hannun kulawa. Kasafin gini na lokaci ɗaya ne kuma yana da hoto da yanke ƙyalle, kasafin shara da ban ruwa da canza ƙwan fitila kuwa na kullum ne, ba mai yi masa tafi. Shi ya sa ake gina maɓuɓɓugar ruwa mai famfo da matata da ke buƙatar ƙwararre duk mako, bayan shekara biyu ta koma kwandon shara mai tara sauro. Mai ziyara yana karanta waɗannan alamu: kwandon da ya cika ya tumbatsa, lilo mai tsinkakkiyar sarƙa, fasassun kwalabe. Abin da suke gaya masa shi ne ba mai kula da nan, kenan idan wani abu ya same shi ba mai zuwa. Ina ganin bai kamata a amince da zanen da bai zo da lissafin kuɗin kulawa na shekara goma ba, da sunan ofishin da zai biya. Ma'aikaci ɗaya da ake gani kullum da tsintsiya ya fi kyamarori goma kwantar da hankali.

Za a ce na raina faɗin fili. Ban raina ba. Mai gudun kilomita goma, da mai son ya manta yana cikin birni, da tsuntsaye, da ruwan sama mai neman inda zai nutse, duk suna buƙatar babban fili, kuma Central Park na Niyok mai hekta 341 ba abu ne da ƙananan lambuna ɗari za su maye gurbinsa ba. Mutane kan yi doguwar tafiya a ƙarshen mako don ruwa ko tudu mai hangen gari. Amma wannan fita ce ta lokaci-lokaci, kuma ko a can tankaɗen bai canza ba. Abin da nake ƙi shi ne auna nasarar birni da murabba'in mita na ciyawa ga kowane mutum, lissafin da tsibirin tsakiyar titi da gangaren da ba ya takuwa suke shiga ciki. Wata damuwar ta gaskiya ita ce gyara yana iya ɗaga kuɗin haya a kewaye har ya kori waɗanda aka yi dominsu, kamar yadda aka gani a gefen High Line na Niyok, lambun da aka yi a kan tsohuwar gadar jirgin ƙasa, bayan buɗe shi a 2009. Wannan ma hujja ce ta yin gyare-gyare masu yawa marasa ƙyale-ƙyale a unguwanni da dama maimakon abin kallo guda.

Yadda za a san wane waken ne ya ɓata garin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A raba filin sassa a kan takarda. Mutum biyu su zagaya sau huɗu a yini, safe da rana da la'asar da bayan faɗuwar rana, a ranakun aiki da na hutu, a lokacin zafi da na sanyi. A kowane sashe su rubuta mutum nawa, maza ko mata, yara ko matasa ko manya ko tsofaffi, zaune ko tsaye ko tafe, cikin rana ko inuwa. Whyte ya lura cewa wuraren da suka fi kyau sun fi yawan mata, domin sun fi tsananta zaɓe. Idan mata sun gaza rabi sosai, ko tsofaffi ba sa bayyana, akwai abin da ke tankaɗe su. A duba sawun da ƙafa ta yi a kan ciyawa, wannan ita ce hanyar da ya kamata a daɓe. A duba inda aka fasa shinge, nan ƙofa ta kamata.

Takardar tambayoyi da ake rabawa a cikin fili tana da babban aibi: waɗanda suka tsallake tankaɗen kaɗai take samu. Su za su ce a ƙara furanni da kayan motsa jiki, tunda sauran abubuwan ba su dame su ba. Wadda rashin banɗaki ya hana zuwa tana gida. Sai an bi gidajen da ke cikin tafiyar minti goma, an ƙwanƙwasa ƙofa a lokacin da masu renon yara da tsofaffi suke nan, kuma kada a tambaye su me suke so a gina. A tambaye su yaushe rabonsu da wurin, da wa suka je, me ya sa suka tashi.